Tambaya da Amsa: Masauki da Motar Baƙin Biki a Kano

Yawancin wasiƙun da suka shigo mana a wannan karon daga mutanen da ke zaune a wasu garuruwa ne, amma suka yanke shawarar kawo bikin 'ya'yansu Kano. Mun zaɓi shida mun taƙaita su. Amsoshin kuwa mun haɗa su ne da taimakon masu harkar saukar baƙi da direbobin shata na cikin gari.

Tambaya: Assalamu alaikum. A Abuja muke zaune, amma maigidana Bakano ne, don haka a can za a yi bikin 'yarmu. Kamu da yini a gidan kakanninta a Mandawari, ɗaurin aure ranar Asabar a masallacin Al-Furƙan, dina a wani ɗakin taro a Nassarawa GRA, gidan amarya kuma yana Rijiyar Zaki. Baƙinmu na nesa sun kai sittin. An ba ni shawarar in kama otal guda mai sauƙin kuɗi a hanyar Zariya in zuba kowa a ciki. Hakan ya yi? Uwar amarya, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Shawarar nan tana da daɗin ji, amma abin da kika rage a kuɗin ɗaki shi za ki zuba a mai, har da ƙari. Dubi wuraren da kika lissafa. Mandawari yana tsakiyar birni cikin ganuwa, Al-Furƙan da ɗakin dina suna gabas, Rijiyar Zaki tana yamma bayan Kabuga a hanyar Gwarzo, hanyar Zariya kuma kudu ce. Kowane taro sai an kwashi mutum sittin an ratsa gari da su, an kuma dawo da su. A Kano ba a kama wa baƙo masauki sai an san inda zai yini. Saboda haka ki raba baƙin gida huɗu.

Iyaye mata, wato goggonni da innoni da kakanni, a ce su ashirin, su ne za su yini a gidan biki tun safe har bayan isha. Su ne 'yan jere, su ne 'yan kai amarya. A nema musu masauki a cikin unguwar, inda za su taka da ƙafa. Har gobe ana aron gida a cikin gari: dangi ko maƙwabta su ba da ɗaki biyu ko sashe guda na kwana uku. Sai dai kada a je musu hannu rabbana. A kai katifa goma, ɗaya ga mutum biyu, da tabarmi, da gidan sauro, da butoci kamar shida, da bokitai, da fanka mai caji a kowane ɗaki. Ruwa shi ne abin da ya fi haɗa masu gida da baƙi faɗa. Ki ɗauka kowane mutum zai ci jarka guda a rana tsakanin wanka da alwala, ki yi magana da ɗan ga-ruwa ya riƙa kawo kura biyu kullum da asuba, a biya shi tun kafin baƙi su iso. A kuma ƙirga banɗaki. Mutum ashirin a banɗaki ɗaya, rabinsu sai rana ta fito za su yi sallar asuba. Ɗaya ga mutum takwas ko goma shi ne daidai.

Maza galibi ɗaurin aure ya kawo su. Su iso Juma'a da yamma, su juya Asabar bayan walima. A sauke su kusa da masallaci: Nassarawa GRA, Bompai, ko wajen Farm Centre da Tarauni, inda otal-otal da gidajen baƙi suka fi yawa. Mutum goma sha takwas, biyu-biyu, ɗaki tara na kwana ɗaya. Waliyyi da dattawa kamar sa a ba su ɗaki su kaɗai, a ƙasa, kada a haɗa su da bene.

Ƙawayen amarya, su goma sha biyu, gidan haya na 'yan kwanaki mai ɗaki uku ya fi musu otal, don a wuri ɗaya mai kwalliya za ta same su, a wuri ɗaya mota za ta ɗauke su. A gaya wa mai gidan adadinsu tun farko, domin da yawa suna da iyakar mutanen da suke yarda su kwana. Zai karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna. A ɗauki bidiyon gidan ɗaki-ɗaki ranar shiga, kuma 'yan matan su zo da zannuwan gadonsu. Lalle da hodar kwalliya ba sa fita daga farin zanin gado, kuma a nan ne kuɗin ajiyar yakan salwanta. A sa wata babba ta kwana da su, kuma kada a haɗa su gini ɗaya da abokan ango. Gari ne mai Hisba, kuma ko babu Hisba iyayensu amana suka ba ki. Ragowar mutum goman, masu mata da yara, a ba su ɗaki huɗu ko biyar a inda aka sauke maza.

Kada a biya ko sisi a kan hoton waya. Ki tura wani naki ya je da ƙafarsa sau biyu, da tsakar rana da kuma bayan isha. Ya kunna esi ya tsaya minti goma, ya buɗe famfo, ya ja ruwan masai, ya duba ragar taga, ya ga inda za a ajiye motoci. Babbar tambaya ita ce wuta: idan kamfanin wutar lantarki na KEDCO ya ɗauke, ƙarfe nawa ake tayar da inji, ƙarfe nawa ake kashewa? Wasu sai magariba suke tayarwa, su kashe da asuba. Wasu za su ce suna da sola, amma solar fitila da fanka kawai take ja. A watan Disamba wannan ba komai ba ne, ruwan zafi za a fi nema. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, da zafi kan haura digiri 40, ɗakin da ba esi da rana ba ya zaunuwa.

In an daidaita, a rubuta: ɗaki nawa, lambobinsu, daga yaushe zuwa yaushe, da karin kumallo ko babu, kuma farashin ya haɗa da harajin kashi 7.5 cikin ɗari da kuɗin hidima ko sai an ɗora. A karɓi rasit. Sannan a sanar da teburin karɓar baƙi a rubuce cewa kuɗin ɗaki kawai kika ɗauka. In ba haka ba, ranar tashi za a miƙo miki takardar abinci da wanki da lemo da ba ki san da su ba.

Tambaya: Ƙanena zai yi aure a Kano, mu arba'in da biyar za mu zo daga Legas da Ibadan. Abokansa na can sun yi alkawarin motoci takwas. Sai mun ƙara da ta haya? Wan ango, Agege.

Amsa: Malam, sai kun ƙara. Abokan ba ƙarya suka yi ba, sai dai ranar biki kowannensu yana da uwa da mata da zai ɗauka, wani kuma zai makara. Cikin takwas ka sa rai da huɗu, ka bar su a matsayin ƙari.

A yi lissafi da kujeru. Hiace a tasha ana mata lodin mutum goma sha takwas, amma maza da manyan riguna masu sitaci, mata da gwaggwaro da jakunkuna, kada ka wuce goma sha huɗu. Coaster tana kusan talatin, ka ƙirga ashirin da biyar. Sienna shida ban da direba. Ku arba'in da biyar, Coaster ɗaya da Hiace ɗaya da Sienna ɗaya ta dattawa sun kwashe ku a sawu guda.

Wannan sawu gudan shi ne zancen. Mutane kan ce a ɗauki bas ɗaya ta yi sawu biyu. Kafin a taru a shiga mota minti ashirin ya tafi, tafiya rabin awa, dawowa rabin awa, a sake lodi, a sake tafiya. 'Yan sawu na biyu sai bayan kusan awa ɗaya da rabi za su isa. A yini ko walima ba laifi. Ɗaurin aure kuwa bai fi minti goma ko sha biyar ba, kuma limamai da yawa a Kano in an ce sha ɗaya to sha ɗayan ce, saboda akwai wasu aurarrakin a layi. Wanda ya taso daga Legas ya tarar an shafa fatiha ba zai manta ba.

Ka ɗauki motocin shata ta yini, ka kuma fayyace sharuɗɗa: daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, wa ke zuba mai, unguwannin da za a shiga, nawa ne in an wuce lokaci, wa ke ciyar da direba. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, cikon sai an sauke mutum na ƙarshe. A je a ga motar da ido, a rubuta lambarta, don ana nuna wata a turo wata. A duba safaya taya da jak, a ga lasin direba da takardun mota ba su ƙare ba. Jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, suna manyan mahaɗu, kuma motar da ta yi obalodi ko ta tsaya sauke mutane inda aka hana ba za a ƙyale ta don tana ɗauke da 'yan biki ba.

In gidan biki a cikin gari yake, irin su Yakasai, Koki, Soron Ɗinki ko Dala, ka sani Coaster ba ta shiga lungu, wani wurin ko ƙaramar mota ba ta shiga. A zaɓi wurin tsayawa a bakin titi tun kafin ranar, a ajiye A Daidaita Sahu, wato babur mai ƙafa uku, guda biyu masu shigar da tsofaffi.

Sai lokutan da ake kauce wa. Ranar Juma'a daga wajen ƙarfe ɗaya sahu kan rufe titunan da ke jikin manyan masallatai har a idar. Kullum daga biyar na yamma zuwa bayan magariba, lokacin tashin kasuwa, kewayen Kantin Kwari da Singa da Bata da 'Yankura cunkoso ne, haka hanyar Katsina wajen Kurna da Rijiyar Lemo. Direba ɗan gari ya san wannan, shi ya sa muke fifita shi a kan wanda kuka taho da shi yana bin taswirar waya.

Abu na ƙarshe, a naɗa mutum ɗaya mai kula da motoci. Kada ya zama ango ko kai, don ku hankalinku a rabe yake. Saurayi mai natsuwa, ɗan gari, da lambobin direbobi da sunayen waɗanda ke kowace mota a takarda, da kati a wayarsa. Shi kaɗai zai ba direba umarnin tashi. In kowa yana da ikon aiken mota, sai a zo tafiya masallaci a tarar an aiki Hiace Sabon Gari sayo ƙanƙara.

Tambaya: Mu shida ne ƙawayen amarya daga Sakkwato. An ce mana A Daidaita Sahu tana ko'ina a Kano, ba sai an ba mu mota ba. Za mu iya dogara da ita har dawowa daga dina? Wata ƙawar amarya, Sakkwato.

Amsa: 'Yar'uwa, da rana gaskiya aka gaya muku. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairun 2013, A Daidaita Sahu ce ƙafar mutanen gari. Uku take ɗauka a baya, don haka biyu za ku tara. Ku ce dirof kuke so, wato a ɗauke ku ku kaɗai, ku yi ciniki kafin ku shiga, ku riƙe canji a hannu. Ku faɗi unguwa da wata alama da kowa ya sani, masallaci ko gidan mai ko shataletale, domin da yawa daga cikin direbobin ba da sunan layi ko lambar gida suke gane wuri ba. Kada ku riƙe waya a gefen da ke buɗe, musamman a danja da wurin cunkoso, kuma sarƙar gwal a rufe ta da mayafi.

Da dare kuwa a'a. A watan Yulin 2022 gwamnatin jiha ta hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, ita kuwa dina da wuya ta tashi kafin goma. Motocin da ake kira ta manhajar waya suna nan, amma suna ƙaranci in dare ya yi, kuma bai kamata 'yan mata baƙi cikin kwalliya su tsaya bakin titi suna jira ba. Ku gaya wa uwar biki tun yanzu a ware muku mota guda da direban da dangi suka sani, wanda zai jira a harabar wurin har a tashi. Ku karɓi lambarsa, ku ƙirga kanku kafin mota ta tashi.

Tambaya: Ɗaurin auren ɗana ranar Asabar ta ƙarshen Disamba ne, ƙarfe 11 na safe. Wasu 'yan'uwa za su biyo jirgin safe daga Abuja a ranar, wasu mota daga Kaduna da Katsina da Bauchi. Yaya za mu tsara tarbarsu? Uban ango, Zariya.

Amsa: Alhaji, akwai abu biyu da ranar nan ta zo da su. Na farko hazo. Jirgi daga Abuja zuwa filin Malam Aminu Kano kamar awa ɗaya ne, amma daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan rufe gari har a jinkirta jirage ko a soke su, kuma ba a sanin hakan sai da safen. Duk wanda ba za a ɗaura aure ba sai da shi, kamar wakilin ango da mai riƙe da sadaki, ya kwana a Kano ranar Juma'a. Sauran in sun zaɓi jirgin safe, sun san abin da suka ɗauka.

Na biyu, Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce a Kano, ana taƙaita zirga-zirgar motoci daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Wanda ya yi sammako daga Kaduna, tafiyar kilomita sama da 200, zai iya isowa bakin gari ya tsaya jira. Da an buɗe hanya kuma kowa zai fito lokaci guda, awa ɗaya ke nan ta rage muku cikin cunkoso. Ko dai masu mota su shigo tun Juma'a, ko ka roƙi iyayen amarya a ɗaga zuwa bayan azahar tun kafin a buga kati. A kwana da motocin shata a ƙofar masauki, a sha mai tun dare.

Wajen tarba, kowace hanya da tasharta. Motocin Kaduna da Abuja a Unguwa Uku ko Na'ibawa suke saukewa, na Katsina a Ƙofar Ruwa, na Haɗeja a 'Yankaba, na Bauchi da Maiduguri ta Mariri da Hotoro suke shigowa, manyan motocin kudu kuma Sabon Gari. Kada a ce wa baƙo ya kira in ya iso, sai a same shi zaune kan jakarsa awa guda. Ya kira in ya wuce Kwanar Ɗangora in daga Zariya yake, ko Bichi in daga Katsina, ko Wudil in daga gabas, mai tarba ya taso a lokacin. A haɗa masu isowa kusa da juna a sawu ɗaya. A filin jirgi a tura ƙaramar mota mai babban but, don akwatunan 'yan biki sun fi su cin wuri. Kowane baƙo a tura masa saƙo ɗaya mai ɗauke da sunan masauki, unguwa, alama, da lambar mutum biyu, saboda waya ɗaya kan mutu.

Tambaya: A wurin kai amarya na sha ganin samari suna tsere da motoci har a yi haɗari. Ta yaya za mu hana wannan a bikin 'yar ƙanwata? Wata gwaggo, Gusau.

Amsa: Gwaggo, Allah ya saka miki da alheri da kika tayar da wannan. An yi asarar rayuka a kan wannan wasan banza, kuma hana shi ba wuya in manya suka tsaya. A ƙayyade motoci, biyar ko shida sun isa: ta amarya da iyayenta biyu, bas ta 'yan rakiya, sauran na ƙawaye. A zaɓi direbobi magidanta da suna, a karɓe makulli daga hannun yara. Motar wani dattijo ta shige gaba, kuma a gaya wa kowa ba mai wuce ta. Kowane direba ya san gidan tun da rana, domin yawancin gudun na tsoron ɓacewa ne daga ayari. A tashi da an idar da magariba ko isha, kada a kai sha ɗaya. Jere da kayan gara a kai su daban da rana a motar ɗaukar kaya. In damina ce, wani ya je ya duba layin gidan da yamma, don sababbin unguwanni da yawa ba kwalta, mota kan kafe.

Kuma bas ɗin da ta kai 'yan rakiya ta tsaya ta dawo da su. Sau da yawa abokan ango da an sauke amarya sai su watse, a bar tsofaffi a ƙofar gida a unguwar da ba su sani ba.

Tambaya: Ƙarfina bai kai in biya wa kowa otal ba, kuma ina jin nauyin faɗa. Me zan yi? Wani magidanci, Jos.

Amsa: Malam, faɗar tun da wuri ba abin kunya ba ne. Abin da ke ɓata zumunci shi ne mutum ya iso da dare da iyalinsa ya tarar ba a shirya masa komai ba, shi ma bai shirya ba. Ka ɗauki nauyin waɗanda ba makawa: iyaye, dattawa, waliyyi ko wakili, da ƙawayen da aka ba ka amana. Sauran ka yi musu cinikin ɗakuna a wuri ɗaya kusa da wurin taro. In ɗaki ya kai goma ana samun ragi, musamman in an je da wata ɗaya ko biyu kafin lokaci. Gab da azumi, da bayan sallah, da ƙarshen shekara, a je tun kafin haka, don ɗakuna kan ƙare. Sai ka tura musu saƙo kamar haka: mun kama ɗakuna a wuri kaza, kwana ɗaya kaza, mai so ya faɗa kafin ranar kaza, motar zuwa masallaci da dawowa tana kanmu. Da yawa za su ce suna da 'yan'uwa a gari, nauyin ya ragu.

Ka tuna da ranar komawa, don ita aka fi mantawa. Yawancin otal ƙarfe 12 na rana ake sakin ɗaki, wanda ya wuce a caje shi rabin kwana ko kwana guda. Matan da za su shiga Kantin Kwari ko Kurmi sayen tsaraba su haɗa kayansu a ɗaki ɗaya da aka ƙara wa kwana, a saki sauran. A riƙe bas guda har azahar ta wannan rana don kai mutane tasha da filin jirgi, kuma mai kula da motoci ya bi ɗakunan ya karɓi makullai kafin a biya ciko.